Turancin Mma

Zangon Tamale,
4 ga Afrilu, 1960

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya karatu, yaya ruwan Kumasi da ba ya gajiya, yaya kuma tarin nan da ka tafi da shi kana ce mini ba komai ba ne? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Hasanatu ta fara takawa, tana dafa bango tana bin Mma duk inda ta nufa. Tun da ka ajiye mu a gidanmu ka tafi, yarinyar nan ta mance ni na haife ta.

Ka ce in ba ka labarin isowar Yaya Imoru dalla-dalla, tun da kai a hoto kawai ka san shi, yana can Ingila aka ɗaura mana aure. To gyara zama, don labarin bai tafi yadda na so ba.

Bayan ƙaramar Sallah kaɗan lorin Awudu ya sauke shi. Gida ya cika maƙil, har da waɗanda ba su san shi ba sun zo ganin mutumin da ya je ƙasar Turawa ya karanto aikin ruwan famfo. Goggo Sanatu ta taso daga Gumani tun da safe da maƙwabtanta Dagomba. Ya shigo cikin kwat, ya yi haske, ya gaisa da kowa a tsaitsaye yana ta raba ido. Da ya hango Mma a bakin madafi sai ya buɗe hannuwa biyu ya nufe ta, a gaban jama'a, zai rungume ta. Mma ta ja mayafi ta juya fuska, ta ce wa Goggo wai ɗan Sanatu ya rame, a ba shi ruwa ya sha. Daga nan ta shige madafi. Mata suka yi dariya suna yaba mata, wai har yanzu akwai masu kunya a duniya. Ni kaɗai na dubi fuskar Yaya lokacin da yake sauke hannuwansa, kuma abin da na gani ya hana ni cin abincin rana.

Kai ka san ɗan fari ne, ga shi kuma sunan surukinta aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ɗan Sanatu take ce masa. Ana yaye shi aka miƙa wa Goggo, daga Gumani sai makarantar kwana, daga can sai kudu, daga kudu sai jirgin ruwa. Al'adar ya san ta da ka, amma bai taɓa zama a gidan nan ya ga cikinta ba. Bai san Mma ce ta yi watanni tana kiwon zabin da aka yanka masa ba. Bai san daddawa da yajin da suke isa gare shi a Ingila da sunan Goggo daga turmin Mma suke fitowa ba.

Ana gobe zai koma kudu muka zauna gindin dalbejiyar ƙofar gida ya amayar mini da cikinsa. Ya ce tsohuwar Baturiyar da ya zauna a gidanta kullum da safe sai ta kira sunansa ta haɗa da "my dear boy", ranar da zai taho kuwa kuka ta yi har da majina. Ga shi ya dawo wurin wadda ta haife shi, ta ce a ba ɗan wata ruwa. Na ce masa haba Yaya, sai ka ce baƙo, ai ka san alkunya ce. Ya ce ya sani, amma sanin sunan rijiya ba ya kashe ƙishi.

Ga inda gizo yake saƙar. Gwamnati ta ba shi zaɓi: ko ya zauna Ankara, babban birninmu na bakin teku, a babban ofis, ko ya zo nan ya kama aikin ruwan Tamale. Da niyyar Tamale ya sauko daga jirgi. Yanzu ya ce Ankara zai karɓa, zai dawo da babbar Sallah ya kwashe akwatin littattafansa ya yi sallama. Ka san wanda Ankara ta haɗiye, sai dai a gan shi ranar jana'iza. Raina ya ɓaci ƙwarai, da shi da Mma duka, kowa ya kafe a kan gaskiyarsa.

Amma ka san matarka. Ban san ta inda zan ɓullo wa abin ba tukuna, sai dai ban taɓa sa hannu a tuwo ya kwana ɗanye ba, kuma ba a kan yayana zan fara ba.

Ka gaida mai masaukinka da iyalinsa. Ka riƙa shan zuma da citta. Mma tana gaishe ka.

Taka,
Wasilatu

Zangon Tamale,
21 ga Afrilu, 1960

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na ji daɗi da tari ya sauka. Yaya jarrabawar da ka ce tana tafe? Allah ya ba da sa'a. Ƙorafinka kuma na gani, wai ni ma 'yar Mma ce tun da ban taɓa rubuta sunanka a cikin takarda ba. Ai ina rubutawa a bayan ambulan, kuma wannan ma don mutanen gidan waya ne, ba don kai ba.

Ina ta neman dabara, ashe dabara tana bakin madafi tana jirana. Ranar Talata bayan la'asar ina duba littattafan 'yan ajina sai ga Mma da faranti na wake, ta zauna kusa da ni tana tsincewa. Mma ba ta zama kusa da mutum banza. Ashe Yaya ya faɗa wa Goggo abin da ya faɗa mini, Goggo kuwa ka san cikinta rariya ne. Mma ta daɗe tana tsintar wake, sannan ta tambaye ni, idonta a faranti, wai me matar can ta ƙasar Turawa take ce wa ɗan Sanatu da safe. Na faɗa mata, na fassara. Ta ce in sake. Na sake.

Sai ta tambaye ni ko Turawa ba su da kunya ne sam. Na ce suna da ita, wuri ne dai ya bambanta. Bature yana jin nauyin ya tambayi mace shekarunta, yana jin nauyin ya yi gyatsa a gaban mutane, amma kiran sunan ɗansa na fari ko a jikinsa. Sai ta kawo wata magana da ni da na yi kwalejin malamai ban taɓa tunaninta ba. Ta ce ita ta lura kunya a harshen da mutum ya sha a nono take zaune. In Tonawa, wato mutanen Ashanti, suka zo daga Kumasi sayen man kaɗe, da Tonanci take ciniki da su, kuma takan yaɓa musu maganganun da ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa da Hausa ba, ta dawo gida ta yi barcinta lafiya. To in haka ne, Turancin nan ai aronsa za ta yi, kamar yadda ake aron babbar tukunya ranar suna, a dafa, a wanke, a mayar wa mai ita. Ta ce in koya mata daidai abin da zai ishi magana ɗaya, kada in cika mata kai.

Wallahi saura kaɗan in yi guɗa, na dai danne don kada in kore ta. Na ce mata an ce gemu ba ya hana ilmi, balle furfura. Ta ce in kama bakina.

Yanzu kullum bayan la'asar muna bayan madafi da farantin wake, wanda ya leƙo ya ga masu tsinta. Waken gidan nan bai taɓa tsabta irin ta bana ba. Ba daga tushe muka fara ba, don tana da ɗan Turancin kasuwa, irin na zo, tafi, nawa ne. Na ce mu soma da gaisuwa don harshe ya saki. A nan muka fara samun saɓani. Na koya mata "good morning", ta riƙe nan take, ta zauna tana jiran sauran. Na ce shi ke nan. Ta ce ina gajiya, ina gida, ina yara, ina kwanan baƙi? Na ce duk suna ciki. Ta ce lallai mutanen nan suna sauri.

Da muka zo kan "how do you do" kuwa, sai da na yi da na sanin kawo shi. Na bayyana mata cewa siffar tambaya gare shi amma ba a amsa shi, in an ce maka sai kai ma ka mayar da shi yadda ya zo, kuma ranar haɗuwar farko kaɗai ake faɗinsa. Ta ce wato mutum biyu su tambayi juna lafiya, kowa ya ƙi faɗa, su rabu. Na ce haka ne. Ta ce to ashe su ma suna da alkunya, ita ce dai ba su san inda ake ajiye ta ba. Muka yi dariya har Hasanatu ta farka.

Kanta yana ja fiye da na rabin 'yan ajina. Harshen ne yake gardama a wasu wurare, amma wannan aikina ne, kuma na iya shi. Kafin layya za ka ji labari. Ka riƙe wannan a cikinka, ko abokinka na kusa kada ya ji, don in maganar ta zagayo zango Mma za ta ajiye farantin wake, ba kuma za ta sake ɗauka ba.

An yi ruwan fari shekaranjiya, gari ya yi sanyi. Hasanatu tana gaishe ka da haƙora biyu sababbi.

Taka,
Wasilatu

Zangon Tamale,
16 ga Mayu, 1960

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta abokan karatu, barka da cin jarrabawa. Ban yi mamaki ba, na san wanda na aura. Mu nan kalau, manoma sun duƙufa, Mma tana fama da ɗan ciwon gwiwa amma da sauƙi.

Shawararka na gani, cewa in rubuta wa Yaya in gaya masa abin da Mma take yi saboda shi, a huta. Allah ya saka, amma ba zan yi ba. Mutumin nan duk rayuwarsa ta hannun wasu yake karɓar uwarsa: yajinta ta hannun Goggo, gaisuwarta ta bakina. In na rubuta masa, wani yajin ne kuma da sunan wata. Wannan karon daga bakinta zai ji ko kuwa a fasa.

Bari in ba ka labarin jawabin da na shirya. Na ari littafin salon maganar Turawa wurin Malam Masahudu, shugaban makarantarmu, na ce masa don 'yan aji ne. Na zauna na tsamo masu daɗi na jera, na kai wa Mma ina taƙama. Ta sa aka bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen doya.

Na fara da "the apple of my eye". Na ce haka Bature yake kiran wanda ya fi so duk duniya, apple kuwa wani ɗan itace ne nasu. Ta ce ita abin da ya faɗa mata a ido cire shi take yi, a wuce. Na kawo "my own flesh and blood", wato namana da jinina, yadda suke nuna ɗa na cikinsu. Ta ce ranar layya za a yi maganar, gida cike da nama da jini, kada yaro ya zaci da rago take. Na kawo "make yourself at home", na ce ana faɗa wa mutum ne don ya saki jiki kamar yana gidansu. Nan ta ɓata rai sosai. Ta ce wannan ai maganar baƙo ce, wanda aka binne cibiyarsa a bayan ɗakin can ba a ce masa ya yi kamar yana gida. Na duba littafin, na ga lallai ga baƙo ake faɗinsa, na soke.

Wanda na fi so shi ne "I am proud of you", don shi ne abin da iyayen Turawa suke ce wa ɗa in ya yi abin kai, wato ina alfahari da kai. Na yi ta lallashi, ta ƙi. Ta ce ko da wane harshe ne ba za ta tsaya a tsakar gida ta yabi abin da ta haifa ba, baki yana jin kowane yare. A nan ban yarda da ita ba har yanzu, don na san Yaya zai so jin wannan, amma tukunyar ita za ta dafa da ita.

Sai muka zo kan "I missed you". Na ce mata kewa ce. Na ce Bature yakan faɗa wa abokin da ya yi tafiyar mako, yakan kuma faɗa wa wanda ya ɓace masa shekara da shekaru, kalmar ɗaya ce, murya ce take ɗaukar nauyin. Ta tambaye ni ko ana faɗa wa wanda bai yi nisa ba, wanda kana iya hango shi amma ba dama ka kira. Na ce ana faɗa. Sai ta ajiye farantin. Ta ce lokacin da aka kai yaron Gumani, ta bar masu kawo mata ƙwarar kaɗe har gida, ta koma tafiya Gumani da ƙafa tana saye da tsada, don kawai ta bi ta ƙofar gidan Sanatu ta gan shi yana wasa a ƙasa. Ba ta tsayawa, ba ta duban wajen sau biyu. Ban taɓa jin wannan ba, ina jin ko marigayi Baba bai sani ba. Na tashi na ce zan duba Hasanatu, na je na yi kukana na wanke fuska na dawo.

Yanzu jawabina mai shafi guda ya koma 'yan kalmomi da ba su cika tafin hannu ba, kuma ta haddace su tsaf. Saura abu ɗaya, shi ne sunan. In muna bita, wurin da sunan zai shiga sai ta yi gyaran murya ta tsallake. Na ce Mma, ai sunan nan shi ne kan maganar, shi Yaya yake jira. Ta ce ta ari Turanci ne don ya ɗauki abin da yake na Turanci, sunan kuwa ba Bature ne ya raɗa shi ba, sunan surukinta ne, a kowane harshe shi ne dai. Na ce in ya shiga tsakiyar Turanci ai ya sa kwat, ba mai gane shi. Ta ce ko ya sa hular sarki ita ta san shi. Muka yi sama-sama, ta ce na cika baki kamar dangin ubana, na ce a nono na sha. Kwana biyu ba mu tsinci wake ba, ran na uku ita ta fara ɗauko farantin.

Awudu ya dawo daga Ankara ya ce ya ga Yaya yana neman gidan haya. Ban gaya wa Mma ba, amma na ga alamar ta ji, don jiya na tarar da ita ita kaɗai tana tuƙa tuwo tana maimaita darasinta ƙasa-ƙasa. Ba zan ɓoye maka ba, ina shakkar maganar sunan nan. Sai dai matar da ta yi ta taka hanyar Gumani saboda kallo ɗaya, ban ga abin da zai gagare ta ba.

Ka sa mu a addu'a. A gaida mutanen gidan.

Taka,
Wasilatu

Zangon Tamale,
9 ga Yuni, 1960

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa, da barka da Sallah. Ina fata kun yi lafiya, kuma an samu wanda ya soya maka nama ko da bai kai nawa ba. Naka kason na soya na ajiye a cikin mai, yana jiranka.

Na san abin da kake jira, ba zan ja maka rai ba.

Yaya ya iso ana gobe Sallah. Wannan karon ba kwat, ba buɗe hannu. Ya tsuguna nesa da ƙofar Mma ya gaishe ta ta bakin Goggo Sanatu, daidai yadda al'ada ta ce, ba ragi ba ƙari, fuska ba yabo ba fallasa. Wallahi rungumar da ya so yi da fari ta fi mini wannan ladabin sau dubu. Ya ce washegarin Sallah zai juya, Awudu zai biyo ya ɗauke shi.

Shirinmu da Mma shi ne ranar Sallah da safe, kafin a tafi idi, in jawo shi ɗakinta in ja labule in tsaya a ƙofa, ba mai ji sai mu uku. Na jawo shi kuwa. Ya tsuguna. Mma ta dubi tabarma, ta buɗe baki, ta rufe, sannan ta ce mini in tambayi ɗan Sanatu ko an goge masa rigar idi. Ya ce an goge. Ya tashi ya fita. Na juyo zan yi magana ta ɗaga mini hannu. Ranar nan naman Sallah ko ɗanɗanonsa ban ji ba, na yi ta hidima da baƙi ina murmushin dole.

Washegari da hantsi gida ya sake cika, mata ana ta suya a tsakar gida, Goggo da mutanenta na Gumani suna nan, Mma tana bakin babban kasko da matsami a hannu. Aka ji hon ɗin Awudu a waje. Yaya ya fito da akwatin littattafansa ɗaure da igiya, ya bi kowa ya yi sallama, ya rusuna daga nesa wajen Mma, ya ɗauki akwati ya nufi zaure. Ni kam na riga na saduda, na jingina da bango ina lissafin abin da zan rubuto maka.

Ƙafarsa ɗaya tana cikin zaure sai muka ji an kira shi. Sunan ne ya fara fita, shi kaɗai, da ƙarfi, kafin ko kalma ɗaya ta Turanci ta zo ta rufa masa asiri. Na waiga ina neman mai kiran, don ban san yadda sunan yake a wannan muryar ba. Mma ce, a tsaye, matsami yana ɗigar mai, idonta a kan turmi. Sannan sauran suka biyo a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda muka yi ta bita: "My son. I missed you. Stay home." Ko harafi ba ta ci ba. Ni na koyar, amma ban taɓa jin an ɗora wa kalmomin nan kaya irin na ranar ba.

Yaya ya ajiye akwati. Mutumin da ya yi shekaru yana zuba Turanci da Turawa bai amsa da Turanci ba. Ya tuɓe takalma, ya tako tsakar gida, ya durƙusa har gwiwa a ƙasa cikin ruwan wanke-wanke, ya sunkuyar da kai. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne naa, irin amsawar yaran Gumani in babba ya kira su. Ya faɗa ya sake faɗa.

Matan zango kuwa wasu sun rufe baki da mayafi, na ga idanu sun fara zagayawa, na san gobe da labarin za a karya kumallo, wai Ashetu, wato Mma, ta kira sunan ɗan fari a bainar jama'a. Sai Goggo Sanatu, Allah ya ja kwananta, ta miƙe ta gyara ɗaurin zane ta ce ita dai ba ta jin Turanci, kuma iyakar saninta duk gidan nan ba mai ji sai malama da ɗan'uwanta, saboda haka ba wanda ya ji komai. Ta bi fuskokin matan da kallo ɗaya ɗaya, kowace ta ce ita ma ba ta ji ba. Sannan ta rangaɗa guɗa. Mma ta juya ta ci gaba da juya namanta. Awudu ya gaji da hon ya leƙo, aka ba shi nama aka ce ya gaida Ankara.

Da yamma muka koma gindin dalbejiya ni da Yaya. Ya ce yana tsammanin in ya ji sunansa a bakinta daɗi zai ji, sai ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, don sai a lokacin ya ga abin da kiran ya ci mata. Ya ce Baturiyarsa mutuniyar kirki ce, ba zai mance ta ba, amma ita kalmomin a aljihu suke, kullum tana da canji. Na ba shi labarin hanyar Gumani da na yaji. Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke. Jiya ya je ya buga waya Ankara ya ce aikin Tamale ya karɓa.

Na ce wa Mma tun da harshe ya saki mu ci gaba da karatu, kafin baɗi ta fara karanta jarida. Ta ce a'a, biki ya tashi, ta wanke tukunya, in mayar wa masu ita da godiya. Ta koma yadda take sak. Ɗazu ma da aka sauke tuwo ta dubi bango ta ce a gaya wa ɗan Sanatu abinci ya sauka. Kafin in buɗe baki in isar, ya amsa daga ɗaki da muryar da har maƙwabta sun ji, ya fito yana dariya. Ita kuma ta yi kamar hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Ka gaida mai masaukinka, ka kuma gama karatun nan ka dawo, surukinka yana son ganinka, Hasanatu har ta fara gudu. Tukunyar da Mma ta mayar tana hannuna, ban kai wa masu ita ba tukuna. Bari in ɗan dafa abu ɗaya a ciki kafin in kife ta, kuma in ka kuskura ka tayar mini da maganar ranar da ka dawo, zan ce ba na jin Turanci.

Zubeiru, I miss you.

Taka har kullum,
Wasilatu